Na Koyi Karatu Don In Kama Pasto

Pasto yana tsakiyar karatu na miƙe tsaye na ce, "Dakata. Sake wurin nan."

A majami'a muke. Lahadin ganyen dabino ce, nan Garwa. Ya sake karantawa: wai annabi ya ce wani sarki zai zo a kan jaki, zai karya bakan yaƙi, ya yi wa al'ummai maganar salama, mulkinsa ya kai iyakar duniya. Ya ce sarkin nan Yesu ne, kuma na kowace kabila ne.

Na ce, "Haka aka rubuta, ko ka ƙara ne saboda waccan?" Na nuna ta da baki.

Dudu ke nan, Bafulatana mai tallar nono. Wata uku tana zuwa tana zama a benci na ƙarshe, ba ta waƙa, ba ta magana, sai kallo. Da ta ga kowa ya juyo, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ba ta dawo ba.

'Yan'uwa cikin Yesu, ba zan wanke kaina ba. Murna na yi. Ni ce shugabar zumuntar mata a lokacin, kuma na riga na gaya wa mata cewa aiko ta aka yi ta ƙirga mu, ta ga wa ke shiga wa ke fita. Wa ya aiko ta? Ban sani ba. Ban ma ga amfanin in sani ba.

Kalmar sarki kuwa ba ta taɓa yi min daɗi ba. A ƙauyenmu ina yarinya, in aka ce mutanen sarki sun shigo, uwata dawarmu take ɓoyewa. Yanzu a ce min ga wani sarki, kuma har da Fulanin da suka raina iyayenmu a cikin rabonsa? Na ce akwai wata a ƙasa.

Bayan sujada pasto ya same ni ya ce, "Mama Saratu, littafin ba a kulle yake ba. Matata tana koya wa manya karatu Laraba da Asabar."

Na je. Ba don Allah na je ba, don in kama pasto na je. Jikokina suna lakol, wato makaranta, ni ma ga ni da allo, gashi duk furfura. Matar pasto ta miƙo min littafinta, na ƙi. Na ce mata da miji bakinsu ɗaya. Na hau moto, wato babur, na je kanti na sayi nawa, sabo a cikin leda, ni na yage ledar da haƙorina. In akwai ƙari, a nan zan gane.

Shekara ɗaya da rabi ina fama. Tabarau biyu na canza.

Wata Talata da hantsi, na shanya gyaɗa a tsakar gida, na zauna na nemo wurin da kaina. Na bi shi da yatsa, baƙi bayan baƙi. Ga jakin. Ga bakan. Ga al'ummai. Na ce to, bari in duba ƙasa, wataƙila an jera waɗanda ba sa ciki. Na karanta har ƙarshen shafi, na juya, babu. Na koma sama, babu. Pasto bai ƙara ko ɗigo ba.

Na durƙusa nan kan tabarma na ce, "Yesu, ashe gidan naka ne, ni na mai da kaina mai gadi. Matar nan ƙofarka ta zo, na kore ta. In ta ɓata, a wuyana take. Ka cire min wannan zato, ya ishe ni!" Na yi kuka har kaji suka cinye min gyaɗa ban kora ba. Da na tashi, ƙirjina sakayau. Yabo ga Ubangiji! Shekara sittin ina ɗauke da abin nan ban san kaya ba ne.

Sai neman Dudu. Masu nono a kasuwa suka ƙi gaya min, suna kallona sama da ƙasa. Wani mahauci da ya san ta ne ya ce ta koma garin Ngong. Ranar kasuwa na shiga mota da littafina a jaka.

Na same ta bakin titi ƙarƙashin dogon yaro. Tana ganina ta jawo faifai ta rufe ƙwarya.

Na gaishe ta da Fulatanci na ce, "Jam na, Dudu?"

Ta ce, "Jam. Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Ƙarya. Irinki ba ta shiga mota a banza."

Na zauna a ƙasa ba ta ce in zauna ba. Na ce, "Abin da pasto ya karanta ranar nan gaskiya ne. Na gani da idona. Har da ke. Ni ce na yi ƙarya. Ki yafe min, ki dawo."

Na buɗe zan karanta mata, ina ta lalube, ta ɗaga hannu.

"Bar shi, Mama, kafin ki gama nono ya yi tsami. Na san wurin. Akwai majami'a nan bayan tasha, shekara guda ke nan ina zuwa. Da Fulatanci ma suke karantawa. Ba wanda ya ce na zo ƙirga shi."

Duk hanya ina tsammanin ni zan kawo mata ceto a jaka.

Sannan ta ce, "Na yafe. Amma matsa can, kin tare min masu saye."