Hutun Kwana Sha Ɗaya

AUTA: Salamu alaikum. Yaya? Yaya, kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Ina jin ka, amma kamar daga cikin tulu kake magana. Fita baranda.

AUTA: Na fito. Yanzu fa?

YAYA: Ya yi dama-dama.

AUTA: To ina wuni?

YAYA: Lafiya lau, Auta. Ya gida?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya aiki? Ya asibitin?

YAYA: Aiki da godiya. Ya Mama? Ya ƙafar tata?

AUTA: Da sauƙi. Tana ɗaki, ta ɗan kishingiɗa.

YAYA: Ta sha maganin rana?

AUTA: A gabana ta sha. Na auna mata suga ma, na rubuta.

YAYA: Rubutawa ka yi, ko ka sake zana mata jadawali mai launi uku?

AUTA: Launi huɗu ne yanzu. Ki yi ta dariya, likita da kansa ya yaba.

YAYA: Sannu, mai digiri. Allah ya kawo aikin da zai raba mu da jadawalinka.

AUTA: Amin. Ke kin ci abinci kuwa? Muryarki ta yi ƙasa.

YAYA: Ina kan matakalar baya da burodi a hannu. Minti goma ya rage min in koma. Faɗi abin da ya sa ka kira, na san wannan doguwar gaisuwar ba ta banza ba ce.

AUTA: Na ji an ba ki hutu.

YAYA: Wa ya gaya maka?

AUTA: Ke kika gaya wa Mama, Mama kuma ta gaya wa duk wanda ya gifta ta bakin taga. Sati biyu, ko?

YAYA: Da sati biyu ne. Wata a cikinmu ta kwanta, aka yanke min kwana uku. Sha ɗaya ya rage, daga jibi.

AUTA: Ya isa. Yaya, saurara, kar ki katse ni. Na samo mana masauki a bakin teku. Ɗaki biyu da baranda, babu kowa a wurin, mai wurin ya ce tun da annobar nan ta shigo shi da kyanwarsa kaɗai ke kwana. Na binciki hanya, awa biyar ce a mota. Ba za mu tsaya ko'ina ba, mai ma zan cika tun a nan. Za mu sauke gilasai duka huɗu. Mama a baya ta dama, ke a gaba ta hagu...

YAYA: A gaba ta hagu direba ke zama.

AUTA: To ke za ki tuƙa, ni in zauna... bari, na zana shi a takarda, zan turo miki. Zanin gado namu, kofuna namu, takunkumi kwali biyu. Na karanta alƙaluman masu kamuwa na sati shida, lissafin ya nuna cewa idan...

YAYA: Me ka ce? Ka ɗauke.

AUTA: Na ce lissafi ya nuna haɗarin kaɗan ne.

YAYA: Kaɗan.

AUTA: Ƙwarai kuwa. Wata bakwai ke nan kin tattara kin koma wancan ɗakin hayar don kar ki kwaso mata cuta. Wata bakwai kina zuwa ki tsaya a waje, ku yi magana ta ragar taga kamar masu ziyarar fursuna. Mama ba ta taɓa ganin teku ba, kin sani. Ki ce to kawai.

YAYA: Auta, ka san aikin da nake yi a nan?

AUTA: Ɗakin ajiya. Kina karɓar kayan marasa lafiya.

YAYA: Na waɗanda jikinsu ya yi tsanani, waɗanda ba sa iya riƙe komai. Ana kawo min takalmi, agogo, tabarau, makulli, waya. In zuba a leda, in ɗaure, in manna lamba. Wanda ya warke ya karɓi kayansa. Wanda bai warke ba, 'yan'uwansa su zo.

AUTA: Na sani ai.

YAYA: Ba ka san wayoyin ba. Babu wanda ya ce min in kashe su, ni kuma ban ga ya dace ba. Na ga duk wanda aka sallama, abu na farko da yake nema shi ne ya kira gida, sai ya tarar wayar ta mutu. Sai na sayo soket mai baki shida, nake huda ledar ta ƙasa in zura caja. Haka nake juya su, shida-shida.

AUTA: Wannan dabara ce mai kyau. Da ma a ce an yi kanta mai...

YAYA: Bari in gama. Wayoyin ba su san masu su sun tafi ba. Akwai wadda take kaɗa ƙararrawa ƙarfe tara, lokacin shan magani. Akwai wadda ta tuna wa mai ita ya ɗauko yara daga makaranta, kwana huɗu bayan an binne shi. Ina zaune ina rubutu, sai kabad ya hau ɓari a bayana. Ba a yarda mu ɗaga ba. Sai dai in zauna har ta gaji.

AUTA: Ba ki taɓa gaya min ba.

YAYA: Me zan gaya maka? Ka zana min jadawali?

AUTA: Haba, Yaya.

YAYA: Yi haƙuri. Akwai guda ɗaya, lamba arba'in da ɗaya. Ta wata dattijuwa ce, sa'ar Mama, ita ma mai ciwon suga. Duk sanda aka kira, fuskar wayar tana haskawa ta cikin ledar, sai in ga hotonsu ita da 'yarta. Suna zaune a bakin ruwa, iska ta ɗaga mayafin tsohuwar, tana dariya har idonta ya rufe.

AUTA: Ta rasu?

YAYA: Wata biyu ke nan. 'Yar ta zo karɓar kaya. Ta sa hannu a takarda, ta ɗauki takalmin da tabarau, sai ta tsaya tana kallon wayar. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Ta ce ita ta kawo shawarar tafiyar, don uwar ta gaji da zaman ɗaki. Kwana huɗu kawai suka yi. Ta ce sun wanke hannu har fata ta fara saɓa, ba su ci abinci a waje ba, ba su gaisa da kowa ba. Har yau tana bin tafiyar a kanta, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, tana neman inda abin ya shiga, ba ta samu ba.

AUTA: Wataƙila ba ma a tafiyar...

YAYA: Na faɗa mata haka. Ta ce ta sani, kuma sanin bai hana ta komai ba.

AUTA: Halo? Yaya?

YAYA: Ina nan. Motar ɗaukar marasa lafiya ce ta wuce. Ƙarshenta ba ta ɗauki wayar ba. Ta roƙe ni in bar ta a kabad, kar in bari cajin ya ƙare.

AUTA: Don me?

YAYA: Ta ce in ta kai ta gida ta kira, za ta ji tana ƙara a ɗakinta, ta ga babu mai ɗauka. Amma a nan, in ta kira ta ji tana shiga, sai ta ce wa kanta Umma tana asibiti, hannunta ne bai kai ba. Kullum da yamma take kira. Sau biyar take bari ta yi ƙara, sannan ta katse.

AUTA: Kuma kina zaune a wurin.

YAYA: Ina zaune. Har na san sautin. Jiya a ɗakina ina wanke kofi na ji shi sarai, na juya ina neman kabad.

AUTA: Yaya, wannan ma ya isa dalilin da za ki bar garin nan ki sha iska. Kuma mu ba su ba ne. Na yi lissafin...

YAYA: Ita ma ta yi. Da takardarta a jaka, ta nuna min. Ta fi taka tsari. Ni kuma ba daga ofis zan fito in shiga motar nan ba, daga wurin da cutar ke kwana zan fito. Gwaji yana iya cewa babu yau, jibi ya ce akwai. Awa biyar numfashina yana zagaya Mama. In wani abu ya same ta, kai za ka ce ƙaddara, kuma gaskiya ka faɗa. Ni ce zan riƙa bin hanyar nan a kaina har in mutu.

AUTA: To bari ni ma in gaya miki abin da ban gaya miki ba.

YAYA: Me ya faru? Ka ce lafiyarta ƙalau.

AUTA: Jikinta ƙalau. Shekaranjiya muna shan shayi ta tambaye ni tabon da ke haɓarki, na faɗuwar da kika yi kina ƙarama, dama yake ko hagu. Na yi dariya, na zaci wasa take. Ta ce ta kwana biyu tana ƙoƙarin haɗa fuskarki a ranta, daga ido zuwa sama kawai take samu. Sauran takunkumi ne.

YAYA: Ai muna kiran bidiyo.

AUTA: Ta ce a waya kamar hoton cikin ruwa kike, idonta ba ya kamawa. Sannan ta ce mun adana ta kamar kwanon da ba a cin abinci a ciki, ita ba ta san wa ake adana wa ba. Ta ce cutar nan ba ita kaɗai ce hanyar tafiya ba, in shekara ta sake juyowa a haka, wa ya ce za a same ta.

YAYA: Haka ta ce?

AUTA: Ba ta ko ɗaga murya ba. Tana faɗa tana juya cokali. Yaya, ba teku ne ya dame ni ba, wallahi. Teku dabara ce kawai, na ga ba za ki shigo gidan nan ba, na ce ko a wani wurin za ki yarda ki zauna kusa da ita. Ta riga ta haɗa jaka. Jakar tana bayan ƙofa tun jiya.

YAYA: Kai ka ce mata ta haɗa?

AUTA: Ce mata na yi zan tambaye ki. Ita ta ji abin da take so ta ji.

YAYA: Dakata, ina ƙirga wani abu.

AUTA: Ƙirga me?

YAYA: Kwanaki. Kwana nawa ake killace mutum kafin a ce ya fita zargi?

AUTA: Goma. In aka haɗa da gwaji a ƙarshe, kusan babu sauran shakka. Me ya sa?

YAYA: Ina da sha ɗaya.

AUTA: Ban gane... A'a. A'a, Yaya, wannan ba hutu ba ne.

YAYA: Jibi zan sayi abin da zai ishe ni, in shiga ɗaki in murɗa makulli. Ba shago, ba maƙwabta, shara ma sai ta jira. Rana ta goma in yi gwaji. Ta sha ɗaya in zo gida da sassafe, fuska a buɗe, in wuni.

AUTA: Ɗakin nan naki da in kin miƙa hannu kina taɓa bango biyu? Ke da kika ce kina jin ƙarar waya a cikinsa? Kwana goma ke kaɗai, don wuni ɗaya?

YAYA: Wuni ɗaya da zan rungume ta ba tare da ina ƙirga numfashina ba. A bakin tekunka sati zan yi ina ja da baya duk sanda ta matso. Za ta gani, kuma zai fi mata ciwo.

AUTA: Washegari kuma ki koma wa ledojinki.

YAYA: In koma. Lamba arba'in da ɗaya zan damƙa wa wadda za ta riƙe min wurin, in nuna mata inda ake huda ledar. Kai kuma ga naka aikin. Ba ka fita kai takardun neman aiki, ba ka barin kowa ya shigo, har matar nan mai zuwa aron dutsen guga. In ni na kulle kaina kai kana yawo, aikin banza na yi.

AUTA: Zan zauna. Zan riƙa kiran ki safe da yamma, in kina so ma in tsara miki abin da za ki... to, na bari. Ba jadawali.

YAYA: Ka kira dai.

AUTA: Ga shi kamfanin waya sun ce saura min minti ɗaya a kati. Yaya, ta taso, ina jin takunta. Za ta tambaye ni yaushe za mu tafi. Me zan ce?

YAYA: Gaskiya za ka faɗa. Ka ce ba za mu je ba. Ka ce kar ta bari kowa ya taɓa mata kai, ni zan zo in tsefe in wanke in kitsa mata.

AUTA: Kwana goma fa da yawa. Idan kafin nan wani abu ya...

YAYA: Kar ka ƙarasa. Ka riƙe min ita kwana goma kawai, Auta. Ka ji? Auta? Halo?