Rijiyar Takanamat da fitilar da ba a koya mana ba

Ranar Lahadi da hantsi, a ɗakin sujadarmu na Tawa, gaban fasto da dattawa da matan zumunta.

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Sunana Ayuba.

Bayan samun mulkin kai gwamnati ta sa mu lakwal, wato makarantar sana'a, mu koyi ginin rijiya da siminti. Rijiyar da muka koya da ita a tsakar gidan lakwal take, zurfinta bai wuce ƙirjina ba. Mun iya awo, mun iya kwaɓi, aka ba mu diplom, takardar shaidar gama karatu. Ba wanda ya gaya mana iskar ƙasan rijiya tana kisa.

Aka tura ni Takanamat gyaran wata tsohuwar rijiya. Maginan da na tarar sun ji an ce na zo in shugabance su. Babbansu, Sarkin Gina, ya miƙo mini igiya, yana kirana Mushe, wato malam da Faransanci.

“Mushe mai diplom, bisimilla. Kai da ka karanta rijiya, sauka ka gwada muna.”

Su a wurinsu, sai an zura fitila mai ci an ga ba ta mutu ba kafin mutum ya sauka. Fitilar tana nan bayan buhun siminti. Ba wanda ya taɓa ta.

Da na isa ƙasa, ƙirjina ya ɗaure. Na ja igiya. Daga sama na ji dariya.

“Bar shi kaɗan, yana lissafi!”

Ba ni da numfashin yin kuka. A zuciya na ce, Yesu, ga ni.

Ya ji ni! Wani Buzu da ya kawo raƙuma shan ruwa ya leƙa, ya ture su, ya ɗaura igiyata a raƙuminsa ya kora. Na fito kamar gawa. Hannuna na hagu har yau rawa yake, kuna gani. Amma ina numfashi. Godiya ga Ubangiji! Wanda mutane suka saki, ya riƙe Yesu.

Da na warke na koma lakwal, na roƙi darekta a riƙa koya wa ɗalibai gwajin fitila, a kai su rijiya ta gaske. Ya ce babu wannan cikin tsarin karatun da aka aiko musu.

Bana lakwal ta tura wani ɗalibinta, Abdu, gyaran rijiya a Affala, ya sauka ba gwajin fitila. An binne shi ranar Talata.