Famfo Arba'in a Minti Biyar

A kan benci a tashar mota, wani dattijo mai jakar kayan gyara da wani mai tabarau rungume da kwamfuta suna jiran mota ta cika.

"Baba, wannan filashin da ka rataya a wuya fa?" in ji mai tabarau.

"Sabuwar manhajar famfunan sola ce. Ƙauye-ƙauye nake bi, in buɗe akwatin famfo, in soka, in jira fitila ta yi kore."

"Har yanzu? Ni ma famfuna nake kula da su, guda arba'in. Daga ofis nake turawa ta intanet. Dannawa ɗaya, minti biyar."

"Madalla. Nawa sha biyu ne, sati uku nake yi."

"An wuce wannan zamanin, Baba."

"In sabuwar ta ƙi fa? Akwatunana suna ajiye tsohuwar a gefe, su koma mata da kansu."

"Wuri take ci. Mun goge ta."

"To. Kana fara gwadawa a kan guda ɗaya dai?"

"Wa ke da wannan lokacin?"

"Gaskiya ne. Yanzu ina ka nufa?"

Mai tabarau ya goge tabaransa.

"Wajen famfunan. Gyaran da na tura jiya ya kashe musu intanet. Da ruwan."

"Nawa daga ciki?"

"Duka."

"A minti biyar?"

"Bai ma kai ba."

Dattijon ya ciro sukudireba ya miƙa masa.

"Riƙe, ɗana, na buɗe akwati ne. In ka isa ka fara da gaisuwa. Matan ƙauye suna bakin famfo tun asuba."