Ƙuri'a ta Biyu a Akwatinmu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Sunana Hajara, ina aikin girki a wani gida a Nassarawa GRA, Kano.

Maigadinmu, Baba Tanimu, tun yana saurayi yake cikin wata ƙaramar jam'iyyar talakawa, masu cewa arziƙin ƙasa na masu gumi ne. Da can sun taɓa cin kansila, an kuma sha ɗaure su. Yanzu ko ofis ba su da shi, amma duk zaɓe sai ya wanke tsohuwar hularsa ya je ya tsaya musu wakili. Ƙuri'a biyu suke samu a akwatinmu, tasa da ta matarsa, direbobin unguwa suna ta yi masa dariya.

Bara matar ta rasu. Da aka ƙirga a zaɓen nan, sai ga biyun nan dai. Wallahi tsohon nan har da hawaye, yana cewa, "Hajara, kin gani? Jama'a sun fara farkawa!"

Malama, ni na dangwala musu, don dariyar nan ta ishe ni. In gaya masa gaskiya, ko in bar shi da jama'arsa?