Abin da Ya Fara Gani

A bencin jiran likitan ido, wata tsohuwa ta matsa kusa da wani dattijo mai baƙin tabarau.

"Malam, na ji an ce an cire maka yanar ido. Akwai zafi?"

"Babu zafi, baiwar Allah. Washegari aka ɓare audugar. Yanzu har zare nake sa wa allura."

"Kai kam ka huta. Ni kullum sai na ƙona hannu a murhu."

"Na huta? Matata na fara gani. Tun bara ta daina riƙe hannuna, ta ce in kama sanda ta riƙa ja na. Har fushi na yi, na ce ƙyamar makaho take yi. Ashe ciwo ne ya cinye ta, duk ta zama ƙashi, ba ta so in taɓa in ji."

"Subhanallahi! 'Ya'yanku ba su faɗa maka ba?"

"Ta hana su. Ta ce a gama da idona tukuna."

"Allah ya ba ta lafiya. Tana waje?"

"Sai dai ki ce Allah ya jiƙanta. Ni kaɗai na zo. Ai yanzu ina ganin hanya."