Ɗiyar Buzaye a Goyon Kyauta

Shugaban wannan taro, Baba Fasto Gide. Dattawan ikilisiyoyinmu na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mai unguwa Maharazu, wanda ya ba mu wannan fili. Malam Sanusi, limamin maƙwabtanmu Musulmi, wanda ya girmama gayyatarmu. Iyayenmu matan zumunta. Baƙinmu na arewa da ke zaune can gindin ɗorawa. Jama'a manya da yara: ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ni ne Inusa Ɗanhausa, mai bishara a Gidan Ɗanasabe, kusa da Ketare. Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan kaka, ina kuma gode wa dattawa da suka ba ni dama in yi magana kafin su yanke shawara a kan rijiyar ikilisiya. Kun ji abin da waɗansu suka kawo: a sa wa rijiyar murfi da kwaɗo, a kuma ce wa Buzayen da suka kafa bukkoki bayan majami'a su tashi.

Da farko zan faɗa muku abin da idona ya gani.

Shekarar babban fari, lokacin da ake cewa kuɗin man fetur sun cika birane mu kuwa muna kankare gindin rumbu, wani Buzu mai suna Agali ya iso bakin gidanmu da hantsi. Raƙumansa sun mutu a hanya, shanunsa sun mutu, jaki ɗaya ya rage, a kansa matarsa Adama tana rungume da jinjirar da ta haifa a daji. Aka sauke ta a inuwa. Kafin a dama mata kunu, rai ya yi halinsa.

Muka tsaya cirko-cirko. Ba mu jin yarensa, shi ma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Jinjirar tana kuka, kukan da ba ya ma fita sosai. Sai ga Kyauta, matar Almu, ta dawo daga rijiya da tulu a ka. Waɗanda ba su san ta ba, ga ta can cikin mata, mai shuɗin kallabi. A makon da abin ya faru ƙyanda ta ɗauke mata ɗanta na goye, ko magana ba ta yi da kowa. Ta sauke tulun, ta nufi gawar. Mijinta ya sha gabanta ya ce, "Kyauta, ba mu san mutanen ga ba, ba mu san ciwon da ya kashe uwar ba." Ta nuna masa gaban zanenta, ya jiƙe sharkaf da nono. Ta ce, "Maigida, ni ma ban san su ba. Amma ka ga jikina ya riga ni amsawa." Ta zauna a ƙasa, ta ɗauki ɗiyar, ta ba ta. Kukan ya tsaya. Wurin ya yi tsit, har muna jin haɗiyar jinjirar. Agali ya ja rawaninsa ya rufe idanunsa.

Na yi wa'azi a wurare da yawa, amma ban taɓa jin kusancin Allah kamar a wannan hantsi ba.

Adama Musulma ce, saboda haka muka aika wa Malam Sanusi. Samarinmu suka haƙa kabari, shi da jama'arsa suka yi mata salla, shi ne kuma ya raɗa wa ɗiyar suna Barakatu. Yunwa ta yi tsanani a daminar shekarar, har muka koma ga dusa da tafasa. Almu, wanda ya so ya hana, shi ne ya riƙa ture ƙwaryarsa gaban matarsa yana cewa, "Ci, ke kike shayarwa." Da Agali zai tafi Kaduna aikin gadi, abu ɗaya ya roƙa: yarinyar ta tashi cikin addinin uwarta. Kyauta ta amsa, ta kuma cika. Da Barakatu ta yi wayo, ita da kanta ta riƙa kai ta wurin Malama Suwaibatu, uwargidan liman, ta koyi salla. Na taɓa tambayarta ko hakan bai yi mata nauyi ba. Ta ce, "Malam, amana aka ba ni, ba ganima ba. Ina yi mata addu'a kullum, sauran na Allah ne."

Na biyu, jama'a, mu dubi bangaskiyarmu. Mai Cetonmu da kansa an goya shi an ƙetare iyaka da shi zuwa Masar, ana gudun takobin sarki. A can wani ya buɗe musu ƙofa, wata ta ba su ruwa, ba mu san sunayensu ba, su ma ba su san wanda suka sauka ba. Wanda ya halicci ƙasashe duka ya yarda ya zama baƙo a ƙasar wasu. Shi ne kuma ya gargaɗe mu cewa ranar shari'a zai ɗauki abin da muka yi wa baƙo tamkar shi muka yi wa. In haka ne, wa zai iya tsayawa bakin rijiya da kwaɗo a hannu bai ji tsoro ba? Mu da kanmu ma, ina samarinmu suke yau? Suna Legas suna sauke siminti, suna Fatakwal, suna Warri, a garuruwan da ba a jin Hausa. Babu uwar da ke nan wadda ba ta roƙon Allah ya haɗa ɗanta da mai tausayi.

Na uku, ban ce masu ƙorafi ƙarya suke yi ba. Awakin baƙi sun shiga gonar Ɗanasabe sun cinye masa wake. Ruwa yana ja da baya da bazara, mata suna daɗewa a bakin rijiya. To, a kai ɓarna gaban Mai unguwa a yi hukunci, a ware lokacin shayar da dabbobi, mu da su mu shiga mu ƙara wa rijiyar zurfi. Waɗannan duka hannu yana iya gyara su. Amma korar mai ƙishirwa, ban san yadda za mu gyara ta a gaban Allah ba.

Saura labari ɗaya, wanda yawancinku ba ku ji ba. Agali ya dawo. Ruwa ya sauka a ƙasarsu, ya sayi 'yan tumaki, tsohuwarsa tana raye tana son ganin jikarta. Barakatu kuwa har ta fara famfara, ba ta san wata uwa ba sai Kyauta, ba ta jin kalma ɗaya ta yaren ubanta. Muka yi zaton Kyauta za ta hana. Ba ta hana ba. Ta ce, "Ɗiyarka ce, ka tafi da ita. Amma ba za ta kwana cikin mutanen da ba ta sani ba ita kaɗai. Zan raka ta, in zauna har ta saba." Almu ya ce, "Na yarda. Ki dawo kafin shuka." Agali ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Uwata za ta fita daga tantinta ta ba ki shi."

Matar da ba ta taɓa wuce Funtuwa ba, ranar kasuwar 'Yankara za ta hau babbar mota ta ƙetare iyaka. A can ba ta da yare, ba ta da dangi, ba ta da majami'a. Za ta tsaya da guga a bakin rijiyar wasu, ta jira a ce mata bisimilla. Dattawa, idan kun shiga shawara, ku tuna 'yarku ce za ta tsaya a wurin, ku yanke wa waɗannan na gindin ɗorawa abin da kuke so a yanke mata.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya ba Kyauta tagomashi a idon waɗanda za ta ishe, ya raya Barakatu. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke baƙunci a kudu. Allah ya ba dattawanmu hikima, ya zaunar da Kirista da Musulmi da masu bin al'adar iyaye lafiya a wannan ƙasa, ya mai da kowa gidansa cikin salama. Amin.

Na gode.