Izini Ba Kaset

A tashar Bagudo, cikin motar Tsamiya da ke jiran cika, wani dattijo ya ƙura wa takardar saurayin da ke kusa da shi ido.

"Samari, takardar gona ce kake riƙo haka?"

"A'a Baba, ta fim ce. Kamfaninmu ya sayi izinin buga wani tsohon fim na masunta a faifai."

"To ina fim ɗin?"

"Shi nake nema. Mai shi ya ce ambaliya ta tafi da kaset ɗinshi."

"Tsaya. Ya saida maka abin da bai da shi, kai ko ka amsa?"

"Izini ya saida, Baba."

"Izinin mi? Mutane su zauna su kalli takarda?"

"An ce wani ɓarawo a Segbana, cikin ƙasar Benin, ya kwafe shi sama da shekara ashirin baya. Wurinshi za ni."

"Ka kama shi?"

"In roƙe shi."

"Ikon Allah! Mai abu ya bar wa ruwa, wani ya adana, kai mai takarda za ka je roƙo. To fim ɗin na wa ne?"

"Namu ne, a doka."

"Doka ce ke goge mai ƙura duk wata? Shekara ashirin da uku ina..."

Saurayin ya juyo. "Baba, kai ne?"

Dattijon ya gyara hula.

"Sauko, na maido kaset ɗin gidana a garin Bahindi tun bara. Amma waccan kalma ta ɓarawo, bar ta cikin mota."